Su Wa Suka Riƙe Ma'aikatu a Gwamnatin Sardauna?

Wani ɗalibi ya rubuto yana cewa: "Malam, ina neman sunayen ministocin gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da ma'aikatar da kowannensu ya riƙe. Na ga jeri biyu, ɗaya da Ribaɗu da Maitama Sule a ciki, ɗaya kuma babu su. Wanne ne daidai?"

Ɗan'uwa, wanda babu su ɗin shi ya fi kusa da daidai. Muhammadu Ribaɗu da Maitama Sule ba su taɓa zama ministocin Kaduna ba, ministocin Ikko ne a gwamnatin tarayya ta Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ribaɗu ya riƙe tsaro har rasuwarsa a watan Mayun 1965, Maitama kuma ma'adinai da lantarki. Haka Inuwa Wada, da Zanna Bukar Dipcharima, da Shehu Shagari, da Waziri Ibrahim, da Musa 'Yar'aduwa mai kula da harkokin birnin Ikko, duk 'yan can ne. Abin da ke rikita mutane shi ne jam'iyya ɗaya ce, wato NPC, kuma Sardauna Ahmadu Bello ne shugabanta, Tafawa Ɓalewa mataimakinsa. Saboda haka in an ga hoton taron jam'iyya sai a ɗauka hoton majalisar ministoci ne. Gwamnati biyu ce, kowacce da baitulmalinta da ma'aikatanta.

To amma shi ma jerin da ka ce babu su, in bai sa shekara a gefen kowane suna ba, da sauran gyara. Ana maganar shekara goma sha huɗu ne, daga 1952 zuwa Janairun 1966. A tsawon wannan lokaci an ƙirƙiro ma'aikatu, an raba wasu gida biyu, an rushe wata, mutane sun yi musayar kujeru. Ba wata rana guda da za ka ɗauka ka ce ga majalisar Sardauna, an gama.

Ministocin farko na Arewa an naɗa su ne a farkon 1952, ƙarƙashin tsarin mulkin Makfasan, Gwamnan Nijeriya na lokacin. A lokacin Sardauna ba Firimiya ba ne, ministan ayyuka ne kawai, daga baya aka haɗa masa harkokin En'e, wato hukumomin mulkin sarakuna, da raya karkara. Aliyu Makaman Bida ya ɗauki ilimi da jin daɗin jama'a, Yahaya Madawakin Ilori ya ɗauki lafiya, Peter Achimugu daga ƙasar Igala shi ma yana cikinsu. Sai dai ministan wancan lokaci suna gare shi, linzami na hannun Bature. Gwamna ne ke shugabantar zama, daraktocin sassa duk Turawa ne, kuma manyan jami'an mulkin mallaka na zaune a majalisar da cikakken iko. Ranar 1 ga Oktoban 1954 Sardauna ya zama Firimiya, amma ko a sannan kuɗi na hannun Bature, shari'a ma haka. Sai a 1957 aka soke muƙamin sakataren kuɗi, Makama ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe ma'aikatar. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta sami mulkin kai, Gwamna Gawain Bell ya daina zama a kan kujerar shugaban majalisar zartaswa, Firimiya ya hau. Ranar ba haka kawai aka zaɓe ta ba: ranar 15 ga Maris ɗin ce Turawa suka ci Sakkwato a 1903. A 1962 kuma Kashim Ibrahim, Wazirin Borno, wanda shi ma ya taɓa yin minista a Ikko da Kaduna, ya karɓi kujerar Gwamna daga hannun Bell.

Idan ka ce in nuna maka duwatsun murhun wannan gwamnati, mutum uku zan kira, domin su ne suka daɗe a ma'aikata guda ana ta juya saura suna nan daram.

Na farko Makaman Bida. Banufe ne, tsohon malamin makaranta, ya girmi Sardauna, kuma Kwalejin Katsina ce ta haɗa su kamar yadda ta haɗa yawancin manyan wancan zamani. Ya riƙe kuɗi daga 1957 har ranar da soja suka rushe gwamnatin, kusan shekara tara ke nan. Duk lokacin da Firimiya ya tafi aikin hajji ko wata ƙasa, shi ake bar wa riƙo. Shi ne kuma ma'ajin jam'iyya, wato lalitar gwamnati da ta NPC duka a hannun mutum ɗaya suke. Ka tuna babu kuɗin man fetur da za a dogara da shi. Arzikin Arewa gyaɗa ce da auduga da fatu da kirgi, sai kuzar Jos. Hukumar sayen amfanin gona ta Arewa kan sayi gyaɗa a hannun manomi a farashin da ta yanka, ta sayar a Turai da riba, rarar ta shiga ayyukan raya ƙasa. Dalar gyaɗar Kano da kake gani a hoto, buhunan da ke jiran jirgin ƙasa ne zuwa Ikko. Sai kason haraji da jangali da En'e ke tarawa, da abin da ke zuwa daga tarayya. Da irin wannan kuɗi aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da sauran ayyukan da ake tinƙaho da su yau. Ni a ganina duk wanda zai yabi ministocin nan, ya fara da manomin gyaɗa, don shi aka rage wa farashi aka yi ginin.

Na biyu Isa Kaita. Shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a gidan rediyo a Ankara ta ƙasar Gana, shi da Bello Dandago, suna karanta labarai da Hausa. Ya gaji Sardauna a ma'aikatar ayyuka a 1954, ya zaga ta albarkatun ƙasa, sannan a 1957 ya sauka a ilimi bai sake motsawa ba har 1966. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoban 1962. Amma aikin da ya fi cin ransa ba jami'a ba ne, malamai ne. Ba a buɗe firamare sai da malami, malami kuma sai an horar da shi, shi ya sa kwalejojin horon malamai suka yawaita a larduna a shekarun nan. Ga kuma matsin manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa: kowace ma'aikata na kukan tana son akawu da injiniya da likita ɗan ƙasa, kuma duk daga makarantun Isa Kaita ake jiran su fito. Yaro kan gama sakandare yau, gobe ya tarar ma'aikatu uku na rububinsa.

Na uku Ibrahim Musa Gashash, attajirin Kano, ministan ƙasa da safiyo. Mutane kan raina wannan ma'aikata don sunanta ba ya ƙara, alhali tana cikin mafi ƙarfi. Dokar filaye ta 1962 ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin kulawar ministan, a matsayin amana ga 'yan asalin jihar. Wanda ba ɗan Arewa ba, ko Bature ne ko Kwara, wato ɗan Labanan ko Siriya, ko ɗan Kudu, ba ya samun fili sai da amincewarsa. Ka ga ke nan duk kamfanin da ke son kafa masana'anta a Bompai ko Kakuri, sai takardarsa ta bi ta teburin Gashash. Wannan doka ce aka ɗauko ruhinta aka shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya a dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta mayar da ikon hannun gwamnoni. Gashash ma yana da babban muƙami a jam'iyya, kamar yadda Isa Kaita ke sakataren kuɗinta, Ahman Galadiman Pategi kuma babban sakatarenta. Da wuya ka raba inda jam'iyya ta tsaya da inda gwamnati ta fara.

Sauran kujerun, in ka ɗauki shekarun da suka biyo bayan zaɓen 1961, ga yadda suka kasance. Shehu Usman Galadiman Maska na ayyuka, Michael Audu Buba Wazirin Shendam na ciniki da masana'antu, Sule Gaya na harkokin En'e, Muhammadu Bashar Wamban Daura na tsara tattalin arziki, Muhammadu Kabir Ciroman Katagum na harkokin cikin gida, Ibrahim Biu na watsa labarai. Ahman Pategi ya yi lafiya kafin ya koma aikin gona, Ahmadu Fatika Sarkin Fadan Zazzau ya karɓi lafiyar. Mu'azu Lamiɗo ya riƙe dabbobi da gandun daji, Umaru Abba Karim Walin Muri kuma ɗaukar ma'aikata da horar da su. Kafin su, George Ohikere daga ƙasar Igbira ya riƙe ayyuka, Abdullahi Maikano Dutse ya riƙe harkokin En'e bayan Sardauna ya sake ta.

Yanzu sake karanta sunayen nan, amma ka bar ma'aikatun, ka dubi garuruwan: Bida, Katsina, Kano, Maska, Shendam, Gaya, Daura, Katagum, Biu, Pategi, Zazzau, Muri. Taswirar Arewa ce aka zaunar a kan kujeru. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da jerin kansa. Ba a ɗauko Ahman Pategi aka ba shi lafiya don ya karanci likitanci ba, ba a kuma mayar da shi gona don ya fi kowa sanin taki ba. Abin da ake dubawa shi ne wane lardi, wace masarauta, wane gida ya samu, wane ne bai samu ba. Sanin aiki na wajen manyan sakatarori. Minista aikinsa ya kawo jama'arsa cikin tafiyar, ya tsaya a Majalisar Wakilai a zauren Lugga ya kare ma'aikatarsa in su Ibrahim Imam na ɓangaren hamayya suka taso da tambaya. Kusan kowannensu kuma daga En'e ya fito, ko ɗan majalisar sarki ne, ko hakimi, ko ma'aji, ko malamin makarantar Midil. Shi ya sa 'yan NEPU, jam'iyyar hamayya ta Aminu Kano, ke cewa gwamnatin Kaduna En'e ce da ta sa babbar riga, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba.

A nan ne maganar ministocin da ba Hausa-Fulani ba, ko ba Musulmi ba, take shigowa. Akwai Achimugu da Ohikere da Audu Buba da na ambata, akwai Fasto David Lot daga ƙasar Angas wanda ya zauna a majalisar ba tare da ma'aikata ba, akwai ƙananan ministoci irin su Abutu Obekpa daga Idoma da Samuel Ajayi daga Kabba. Masu yabo kan kawo sunayen nan su ce ga shaidar "Arewa ɗaya, al'umma ɗaya". Masu suka kan ce ado ne kawai. Ni dai ina ganin kowa ya faɗi rabin magana. Ciniki da masana'antu ba ado ba ne, ayyuka ma ba ado ba ne, ma'aikatu ne masu kwangila da kuɗi. Amma kuma gaskiya ne kuɗi da ilimi da ƙasa da En'e, wato inda ainihin iko yake, ba su bar hannun mutanen masarautu ba bayan 1957. Kuma rabon bai gamsar da kowa ba: Tibi sun bi Joseph Tarka da jam'iyyar UMBC, ƙasarsu ta yi tarzoma a 1960, ta sake yi a 1964.

Akwai ma'aikata guda da ba za ka gan ta a jerin 1963 ba, amma tana cikin na 1958: ma'aikatar harkokin Arewacin Kamaru. Yankin nan, wanda ya haɗa da Dikwa da Mubi da Gwoza da Ganye da tsaunin Mambila, ƙasar amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila ke riƙo, ana gudanar da ita tare da lardunan Arewa. Abba Habib na Dikwa ya riƙe ta, sannan Abdullahi Ɗanburam Jada. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 1959 mutanen yankin suka zaɓi a ɗage maganar makomarsu, abin da ya girgiza Kaduna ƙwarai. Aka yi gyare-gyare a mulkin En'en yankin, a ƙuri'ar Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya. Mafi yawan yankin ya zama lardi na goma sha uku, aka sa masa suna Lardin Sardauna, ma'aikatar kuma aikinta ya ƙare.

Sai sarakuna. Wannan ma abu ne da jerin zamani kan manta. Manyan sarakuna na zama a majalisar zartaswa a matsayin ministoci marasa ma'aikata: Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Sarkin Katsina Usman Nagoggo, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, da Aku Uka na Wukari, da Atta na Igala, kowa a lokacinsa. Ba su da ofis ko sakatare, amma zamansu na nufin ba a yanke babbar shawara a bayan idon sarauta. Abin ya zo ya yi tsami a kan Kano. A 1962 aka yi dokar da ta kawo kwamishinonin larduna, 'yan siyasa masu darajar minista, suka maye gurbin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi. Aka tura Aliyu Magajin Garin Sakkwato Kano, wato ɗan siyasa daga Kaduna ya zo ya zauna a saman En'en da ta fi kowace arziki a Arewa. A shekarar kuma gwamnati ta sa wani jami'inta Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'en Kano. Ƙarshenta Sarki Sanusi ya yi murabus a 1963, ya tafi Azare. Dubi abin da kyau: mutumin da aka bincika abokin zama ne a majalisar da ta sa a yi binciken, kuma jigo ne a jam'iyyar tun farkonta. Daga ranar kowane sarki ya gane cewa iko ya tashi daga fada ya koma Kaduna.

Shari'a kuwa kujera biyu gare ta, kuma nan ma ana yawan kuskure. Babban lauyan gwamnati Bature ne, Hedley Marshall, wanda ya ci gaba da zama a majalisar har bayan samun 'yancin kai. Ministan shari'a daban ne: Mamman Nasir, daga 1961 zuwa 1966, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, cikin lauyoyin farko da Arewa ta samu. Shi ne daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, ya kuma zama Galadiman Katsina. Abin da ya gada babba ne. A 1958 gwamnati ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, da wani alƙali daga Pakistan, su Kashim Ibrahim da Peter Achimugu na ciki. Shawararsu ce ta haifi kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka tsara bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Alƙalan da suka saba hukunci da littattafan Malikiyya sai ga shi an miƙa musu kundi mai lambobi, dole a koma aji. An kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, inda Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

Bari in ja maka kunne kan wani tarko da ni kaina na faɗa ciki lokacin da na fara bin tsofaffin takardun nan. Takardun gwamnati na wancan zamani da sarauta suke kiran mutum, ba da sunan mahaifi ba. Za ka ga an rubuta "Alhaji Aliyu, Makaman Bida", a layi na ƙasa "Alhaji Aliyu, Turakin Zazzau", a wani shafin "Alhaji Aliyu, Magajin Garin Sakkwato". Aliyu uku ke nan, in mai kwafa ya yar da sarautar sai su narke su zama mutum ɗaya. Akasin haka ma na faruwa. Na taɓa cika shafi guda ina lissafa Madawakin Katsina daban, Wazirin Katsina daban, har na ba su ma'aikatu biyu, kafin wani dattijo ya dubi takardar ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai duk Isa Kaita ne, ƙarin girma ya samu." Haka Galadiman Maska da Sarkin Maska, Shehu Usman ne duka. In kana haɗa jerinka, ka rubuta suna da sarauta da gari tare.

Kada kuma ka tsaya kan ministoci ka manta da waɗanda ke rubuta takardun da suke sa wa hannu. Ali Akilu shi ne sakataren Firimiya kuma shugaban ma'aikata bayan Bature Bruce Greatbatch, Ahmed Talib na ma'aikatar kuɗi, Ahmadu Kumasi, wanda ya yi suna a Yaƙi da Jahilci, na ilimi, Ahmed Joda na watsa labarai. Mace kuwa babu ko ɗaya a majalisar daga farko har ƙarshe. Ba abin mamaki ba ne, tunda matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita a lokacin, sai a 1976 aka ba su.

Daren 15 ga Janairun 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Majalisar ta watse, Hassan Usman Katsina ya zama gwamnan soja, manyan sakatarorin nan su Ali Akilu suka ci gaba da tafiyar da ma'aikatu ba minista a kansu. Ministocin kowa ya koma gida. Muhammadu Bashar ya zama Sarkin Daura a shekarar, ya yi sarauta har 2007. Muhammadu Kabir ya zama Sarkin Katagum a 1980. Makama ya sake fitowa a 1978 cikin dattawan da suka kafa NPN.

Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya yanka Arewa jiha shida, kalmar minista ta ɓace daga jihohi, aka koma cewa kwamishina. A sannan ne wasu 'yan Ikkon da ka gani a jerinka suka shiga gwamnatin jiha a karon farko. Shehu Shagari ya yi kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma, har ya riƙe ilimi. Maitama Sule ya yi kwamishina a Kano ƙarƙashin Audu Bako, teburi guda da Aminu Ɗantata da Tanko Yakasai, tsohon ɗan NEPU da jam'iyyarsu Maitaman ta sha ɗaurewa.